Kabad ɗin Lungu

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Sun sa wa kabad ido.

Na bi lungun da kayan guga a kai, sai ga Mai Magani a kan tsani yana ɗaura wani baƙin abu kamar ƙwan agwagwa a saman bangon shagonsa. Na ce, "Sannu da aiki. Fitila ce?" Ya ce, "Kyamara ce, Mama. An ci gaba." Na ce, "Wa ya ci gaban, mu ko kabad?" Ya yi dariya, ya ce kwamitin unguwa ne ya yanke, shi kuma ga shi shugaba.

Bari in faɗi yadda kabad ɗin yake, don Malama ta ce in zan rubuta abu in rubuta kamar baƙo ne zai karanta. Malama 'yata ce ta fari, tana koyar da 'yan aji uku. Ita ta koya mini baƙi ina da shekara arba'in da tara, ita ta ba ni wannan littafi.

Tsohon kabad ne na katako mai ƙofa biyu, a tsakiyar lungun da ya raba shagon magani da gidan burodi. Shekara goma sha ɗaya yana nan. Mai abu ya sa, mai buƙata ya ɗauka. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk wanda ya bi lungun sai ya tsaya ya buɗe, ya zura hannu, ya rufe, ko ba abin da zai sa, ko ba abin da zai ɗauka. Shi ya sa ba mai iya cewa wance ta je kabad. Kowa ya je kabad. Ni sau huɗu nake buɗe shi a rana. Wani lokaci sukari ke hannuna, wani lokaci iska.

Yau na buɗe, na ji abin nan yana kallon ƙeyata.

Talata, 4 ga wata, da yamma

Ba tsoro nake ji ba. Haushi ne.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

An turo doka a zauren unguwa na waya. Da yatsa na bi ta, sau uku, don doguwa ce. Wai daga yanzu mai son ɗauka sai ya yi rajista, a rubuta sunansa, a ɗauki hotonsa. Wai mai albashi ba ya ɗauka. Wai wata ƙungiya daga nesa za ta riƙa aiko da kaya in ta ga tsari.

Na karanta wa Maigida. Ya rage rediyo ya ce, "Ke ina ruwanki? Kina ɗauka ne?" Na ce, "Kai ka san ko ina ɗauka?" Ya dube ni, ya dubi kwanon da ke gabansa, ya mayar da rediyo yadda take.

Malama ba ta leƙo ba wannan makon. Tun abin da ya sami mijinta wata uku da suka wuce ta rage zuwa. Ba zan rubuta wannan ba. Motar da ta zo, da waɗanda suka fito daga cikinta suka tafi da shi, duk unguwa ta gani, ba sai na ƙara ba.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Mai Ɗinki ta kawo mini mayafi in goge mata. Ƙawata ce tun kafin mu yi furfura. Ta ce ta daina sa komai a kabad. Na ce, "Ke ma?" Ta ce, "Rabin sabulu nake sawa, 'yar'uwa. Rabi! Wanda na yanka da wuƙa. Kina so a ɗauke ni a hoto ina sadaka da rabin sabulu?"

Amma ta ce in je in ga masu zuwa yanzu. Jiya wani ya zo da mota, ya sauke buhu da sunansa a jiki da jan fenti, ya juyo ya gyara hula yana kallon sama. Buhun ma bai shiga kabad ba, a ƙasa aka jingine shi.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

An turo hoto.

Mace ce a gaban kabad da sassafe, hannunta a ciki. An rufe fuskar da wannan rawayar fuska mai dariya har da hawaye. A ƙasa Mai Magani ya rubuta: kullum sai ta zo, kuma mai albashi ce, ranar Asabar 22 ga wata za a cire wannan a gaban taro.

Na san jakar da ke kafaɗarta. Ni na ɗinke hannunta da baƙin zare da ya tsinke, don ba ni da shuɗi a ranar.

Ƙarfen guga na kan rigar wani. Sai ƙauri na ji.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Mutane na ta rubutu a ƙarƙashin hoton. Na ce ba zan karanta ba, na karanta duka. Mai Makaranta, wadda Malama ke aiki a ƙarƙashinta, ta rubuta: "Allah ya tona asirinta. Irin waɗannan ba a bar musu amanar komai."

Amanar komai. 'Ya'yan mutane talatin da biyu ke hannun yarinyar nan kullum.

Da na koyi karatu na ɗauka daɗi zan riƙa karantawa.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Na je gidan Malama. Yaran biyu suna ƙasa suna aikin makaranta, ita tana duba littattafan ajinta da jan biro. Ta rame. Ta ce, "Inna, da kin kira ai da na zo." Na ce, "Ƙafata ce ke son tafiya."

Na shiga kicin wai zan sha ruwa, na buɗe robar shinkafa. Iri uku ce a ciki, mai tsawo, da gajera, da fasasshiya. Ba mai sayen shinkafa haka. Daga hannu uku ta fito.

Na rufe. Na wanke kofin da ban sha komai da shi ba.

Albashinta kan maganar mijinta yake tafiya, wurin masu takardu da masu cewa a dawo mako mai zuwa. Na sani. Ta san na sani. Da zan tafi ta rako ni ƙofa, jakar na rataye a ƙusa tsakaninmu, ba wadda ta kalle ta. Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Me, Inna?" Na ce, "Cewa ƙofar nan tana ƙara. Sai a sa mata mai."

Laraba, 12 ga wata, da safe

Na kai wa Mai Magani fararen rigunansa. Ban taɓa goge su kamar yau ba, karin hannun zai iya yanka mutum. Na jira masu saye suka fita.

Na ce, "Matar hoton nan ni ce."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Mama, matar nan siririya ce."

Na ce, "Kyamararka ce ba ta da kyau."

Ya ce, "Mama, zauna." Ban zauna ba. Ya ce ya san wace ce, kuma wallahi bai ji daɗi ba. Amma watan jiya gwangwanin madarar jarirai shida aka sa a kabad, kwana biyu sai ga su a kasuwa ana sayarwa, alhali akwai mai jego a bayan gidan burodi da ba ta da nono. Ya ce, "Wannan ma kin gani? In ba a yi tsari ba, masu ƙarfi ne za su ci gaba da kwashewa."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushin da ya zama gaskiya.

Na ce, "To ita madara ta ɗauka?" Ya ce a'a, shinkafa ce da mai, wani lokaci sabulu. Na ce, "To goge shi." Ya ce ba a wayarsa kawai yake ba, 'yan kwamiti biyar duk suna da shi. Ya ce hanya ɗaya ce: ta rubuto takardar ban haƙuri, ta yi rajistar mabuƙata, a ɗauki hotonta don ƙungiyar can, sai a bar maganar.

Na ce, "Wato a rufe hoto da hoto."

Ya ce, "Ni dai na faɗa miki."

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Ba tsoro nake ji ba.

Juma'a, 14 ga wata, da rana tsaka

Uwata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda a yi tatsuniya da rana. Yau na yi, rana na tsakiyar kai. Na danna wurin murya a zauren unguwa na ba su wadda take ba mu.

Wai a wani gari akwai wata tukunya mai ƙaramin baki a gindin bishiya. Duk wanda ya zura hannu sai ya ji an danƙa masa abin da gidansa ya rasa. Wanda ke da rara kuma in ya zura, sai ya ji an karɓa a hankali. Ba a taɓa kwana da yunwa a garin ba. Sai wani mai wayo ya ce shi sai ya ga abin da ke ciki. Ya kunna fitila ya zura. Ashe ba komai a ciki sai hannaye, hannayen mutanen garin, wannan na miƙa wa wancan. Ya ga zoben matarsa, ya ga tabon ƙanensa. Da haske ya taɓa su, kowane hannu ya ji kunya ya janye. Daga ranar tukunya ta zama tukunya.

Minti huɗu ta ci. Ban sake ɗauka ba, haka na tura.

Mutum biyu suka turo fuskar dariya. Wani ya rubuta, "Mama a ƙaro mana, amma sai an ci abinci." Sakataren kwamiti ya rubuta cewa nan ba zauren tatsuniya ba ne. Mai Ɗinki, da ba ta iya rubutu ba, ta turo murya: "To zauren mene ne, na tonon asiri?"

Maigida ya ce, "Yanzu duk gari sun ji muryar matata." Na ce, "Shekara arba'in kana jinta kai kaɗai, bari a taya ka."

Lahadi, 16 ga wata, da safe

Kabad cike yake. Ban taɓa ganinsa haka ba. Manyan ledoji, kowace da suna. Ba mai ɗauka. Buhun mai jan fenti har ɓeraye sun huda gindinsa.

Mutane sun daina bin lungun ma, suna zagayawa ta babban titi. Ni kaɗai na tsaya na buɗe, na zura hannu, na rufe. Na ɗaga kai na ce wa abin, "Ina kwana. Ka tashi lafiya? Rubuta, iska na sa, iska na ɗauka."

Mai burodi ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, da wa kike?" Na ce, "Da shugaban unguwa."

Talata, 18 ga wata, bayan azahar

Yau na yi rubutu a zauren, na farko a rayuwata. Kullum murya nake turawa don kada a ga kuskurena. Na ɗauki kusan awa ɗaya, haruffan wayar ƙanana ne, yatsana kuma na mai guga ne. Na rubuta: "Wanda ya sa ba ya neman a gode masa. Wanda ya ɗauka ba ya neman a yafe masa. Ku cire idon."

Na bar harafi biyu a baya, wani ya gyara mini a fili. Na bar shi yadda yake.

Kafin la'asar an kulle zauren. Wai 'yan kwamiti kaɗai za su riƙa magana har bayan taro.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Na gaya wa Malama. Dole ta sa.

Tana wanke wa ƙaramin kai a baho na ce, "Mai Magani ya ce ki rubuta takarda." Ba ta ɗago ba. Ta gama, ta naɗe yaron a tawul, ta tura shi ɗaki. Sannan ta ce, "Kin je wurinsa?" Na ce na je. Ta ce, "Me kika ce masa?" Na ce, "Na ce ni ce."

Ta yi dariya har ta zauna a bakin baho, daga nan dariyar ta koma wani abu. Na juya ina matse tsummar da ba ta da ruwa.

Ta ce, "Inna, kowane yaro a ajina na koya masa rubuta takardar ban haƙuri. Na san yadda ake farawa. Amma a layi na biyu sai an faɗi laifin. Me zan sa a layi na biyu?"

Na ce, "Mai Makaranta za ta kore ki."

Ta ce, "Na karanta abin da ta rubuta."

Na ce, "To kada ki zo taron." Ta ce za ta duba.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Na ƙona wani wando. Na biyu ke nan a wata ɗaya, ni da na shekara ashirin ban ƙona komai ba.

Juma'a, 21 ga wata, bayan la'asar

Maigida ya ce, "Gobe ki zauna a gida." Na ce to. Ya ce, "Wannan to ɗin na san shi." Ya tashi ya ciro takalminsa na fita yana gogewa.

Tsoro nake ji. Na rubuta. Sai me?

Asabar, 22 ga wata, gab da magariba

Zan rubuta tun ban manta ba.

A ɗakin taro na unguwa aka yi. An rufe tagogi da zannuwa don duhu, an kawo majigi an saita shi a farin bango. Mutane sun fi ɗari. Taron gyaran magudanar ruwa mutum tara suka zo. Mai Makaranta tana layin gaba da jakarta a cinya. Na duba, ban ga Malama ba, na ce alhamdulillahi.

Mai Magani ya yi bayanin madara, ya yi bayanin ƙungiya. Sannan ya ce a kunna. Lungun ya fito a bango, kabad ya fito, wata ta shigo daga nesa, ba a kai ga fuska ba tukuna.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na je na tsaya a gaban bangon, daidai tsakiya. Hasken ya bugi idona, hoton ya faɗo a kan ƙirjina da cikina. Zanena mai manyan furanni ne, ja da kore. Na sunkuya na duba, ba abin da ake gani sai furanni suna motsi.

Sakatare ya ce, "Mama, ki matsa."

Na ce, "Ku nuna. Ga allo nan, Allah ya yi shi da faɗi."

Aka yi dariya. Suka jawo majigin gefe, na bi shi. Suka mayar, na dawo. Mai Ɗinki ta taso da ƙyar da ciwon gwiwarta ta tsaya a damana, tana cewa, "Ni ma zanena sabo ne, a haska shi." Daga baya na ji tari a haguna, na waiga, Maigida ne, yana kallon rufi kamar hanya ce ta biyo da shi.

Mai Magani ya ɗaga wayarsa. Ya ce, "Mama, kin san fa da yatsa ɗaya zan tura shi wayar kowa a ɗakin nan." Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ce, "Na sani. Tura. Amma kana kallona za ka tura."

Yana riƙe da wayar, bai tura ba, bai ajiye ba.

Sai murya daga can baya, wajen ƙofa: "Ba sai ka wahala ba. Ni ce."

Muryar aji ta yi, wadda ake ji har layin ƙarshe. Ta tako tsakiya da jakar a kafaɗa. Ta ce, "Kwana goma sha tara na ɗauka. Shinkafa, mai, sabulu, sau ɗaya ganyen shayi. Ban sayar ba, mun ci ne. Shekara takwas kafin nan ina sawa, ba a ɗauki wannan a hoto ba, kuma ban so a ɗauka ba. Dalilina kun san shi, kuna tsaye a ƙofofinku ranar. Gobe ƙarfe bakwai zan zo in ɗauka, don yarana za su karya. Wanda ke son kallo ya zo da wuri."

Majigin kawai ke huci. Mai Makaranta ta buɗe jakarta ta rufe.

Aka tashi ba a yanke komai ba. Wai kwamiti zai duba.

A hanya na ce mata, "Na tsaya a gaban mutum ɗari kamar labule, kika zo kika ɓata mini aiki." Ta ce, "Inna, sai yaushe za ki matsa? Kwana za ki yi a wurin?" Na ce, "Da na kwana." Ta ce, "Na sani."

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Ƙarfe bakwai ta zo, na raka ta. Idon na nan inda yake. Ta buɗe ta ɗauka, na buɗe na sa. Ba wanda ya zo kallo, sai mai jegon nan ta bayan gidan burodi da ke tsaye a bakin lungu da goyo. Da muka rufe ta tako ta buɗe ita ma.

Saƙo ya shigo wayar Malama muna tsaye: Mai Makaranta na son ganinta a ofis gobe kafin a shiga aji.

Na karɓo rigarta ta aiki na goge. Ban ƙona ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi

Ta wuce ta ƙofarmu, ta ɗaga mini hannu. In an sallame ta, ta nan za ta dawo, ba wata hanya. Na fito da teburin guga ƙofar gida. Maigida ya ce wayar ba za ta kai ba. Na ce ba guga zan yi ba.

Ƙarfe tara

Ba ta dawo ba.

Ƙarfe goma da kwata

Wata mai shuɗiyar jaka ta ɓullo daga kwana, na miƙe. Ba ita ba ce.

Sha biyu

Ba ta dawo ba. Mai Ɗinki ta kawo kujera ta zauna kusa da ni.

Ƙarfe biyu da minti goma

Ga ta can, tare da 'yan makaranta da aka tasa. Littattafai ne a rungume a ƙirjinta, tuli guda. Hannun rigar da na goge duk alli, har gwiwar hannu.

Na ce, "Me ta ce?"

Ta ce, "Ta yi magana mai yawa. Na ce mata yara na jira."

Na ce, "Gobe fa?"

Ta ce, "Gobe akwai gwajin lissafi. Inna, matsa mini teburin nan in ajiye, hannuna ya gaji."